Talabijin na Bango: Abin da Ya Kamata Mai Ƙaramin Ƙarfi Ya Duba Kafin Ya Biya

Sanin kowa ne cewa a kasuwannin ƙasar nan, daga Alaba ta Legas har zuwa Sabon Garin Kano, duk wani shafaffen talabijin da ake iya ratayewa a bango sunansa filasma. Filasma mai saye yake tambaya, filasma kuma mai kanti yake cewa ya ɗauko masa. Abin mamaki shi ne, manyan kamfanonin da suka yi suna wajen ƙera filasma na ainihi, wato Panasonic da Samsung da LG, duk sun daina ƙera shi tun a shekarar 2014. Ke nan wanda ya shiga kanti ya fito da sabon akwati a cikin kwali, ko da wane suna ya kira shi, wani abu ne dabam ya ɗauko.

Wannan ruɗani na suna bai kamata a ɗauke shi da wasa ba, domin da shi ake cin kuɗin mutane. Magidancin da ya yi wata da watanni yana tsimi, ko shugaban makarantar da aka ba 'yan kuɗi ƙalilan domin ya saya wa ɗakin gwaje-gwaje talabijin, da zarar ya tsaya gaban kanti sai ya tarar da haruffa birjik a jikin kwalaye: LED, QLED, OLED, 4K, HDR da sauransu, kowanne da ƙarin kuɗinsa. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, mai ƙaramin ƙarfi ba ya bukatar mafi yawan waɗannan haruffa. Abin da ya fi dacewa da shi shi ne sabon talabijin na LED, madaidaici, wanda girmansa ya yi daidai da ɗakinsa, mai takardar garanti, sannan ya kashe ragowar kuɗin wajen kare shi daga sharrin wutar lantarki. Dalilan haka kuwa suna cikin kimiyyar da ɗaliban sakandare suke koya a aji.

Tambayar farko da ya kamata a yi wa kowane talabijin ita ce: daga ina haskensa yake fitowa? Hoton da ake gani a fuskar talabijin tarin ƙananan ɗigogi ne, kowane ɗigo kuma ya kasu kashi uku, ja da kore da shuɗi, waɗanda ido yake haɗawa ya ga sauran launuka. Duk ɗalibin da ya kara gilashin ƙara girma a kan farin wuri a fuskar talabijin zai ga wannan da idonsa. To a wasu akwatunan kowane ɗigo shi yake ba da hasken kansa. A wasu kuwa fitila ce a baya take haskawa, ɗigogin kuma aikinsu kawai shi ne su buɗe ko su rufe, kamar tagogi. Dukkan nau'o'in da ke kasuwa suna cikin ɗayan waɗannan gidaje biyu.

Tsohon akwati mai doro, wanda aka sani tun lokacin da aka buɗe gidan talabijin na farko a Ibadan a 1959 da na Kaduna a 1962, yana cikin gida na farko. Asalinsa ƙwan gilashi ne da Bajamushe Karl Ferdinand Braun ya ƙirƙira a 1897, inda ake harba ilektiron daga baya su faɗa kan wata hoda da aka shafa a cikin gilashin, ita kuma ta yi haske. Tazarar da wannan harbi yake bukata ita ta jawo masa doro da nauyi. A ƙarshen 2007 ne cinikin talabijin na LCD ya zarce nasa a duniya, daga nan kuma ya shiga tarihi.

Filasma ma a gida na farko yake. An ƙirƙire shi a Jami'ar Ilinoi ta Amurka a 1964, a hannun Donald Bitzer da Gene Slottow da ɗalibinsu Robert Willson. A tsakanin gilasai biyu akwai miliyoyin ƙananan ɗakuna cike da iskar niyon da ta zinon. Idan wutar lantarki ta ratsa iskar sai ta fitar da wani haske da ido ba ya gani, shi kuma ya bugi hodar da ke jikin ɗakin ta ba da launi. Babu mai musun cewa filasma yana da kyan hoto. Baƙinsa baƙi ne sosai, kuma ƙwallo ba ta jan inuwa a bayanta idan ana kallon wasa. Sai dai yana da nauyi, yana ɗaukar zafi, gilashinsa yana mayar da hasken taga kamar madubi, sannan uwa uba yana shan wuta.

LCD kuwa shi ne babba a gida na biyu, kuma labarinsa ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. A 1888 wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Ostiriya, Friedrich Reinitzer, yana nazarin wani sinadari sai ya lura cewa sau biyu yake narkewa. A wajen digiri 145 na ma'aunin Salshiyos yakan zama ruwa mai duhu-duhu, sai an kai wajen digiri 178 sannan ya washe. A tsakanin nan abin yana gudana kamar ruwa, amma ƙwayoyinsa suna jere a tsare kamar na kiristal. Shekara kusan tamanin aka yi ba a san amfanin da za a yi da shi ba, har sai da George Heilmeier da abokan aikinsa na kamfanin RCA suka nuna allon farko a 1968. A 1988 kamfanin Sharp na Japan ya nuna allo mai launi na inci 14, wanda ya tabbatar wa duniya cewa za a iya yin talabijin da wannan fasaha.

Yadda yake aiki shi ne, haske yana tafiya ne yana kaɗawa, kuma akwai wata irin leda mai tace haske wadda ba ta barin kowane haske ya wuce sai mai kaɗawa ta fuska guda. Idan aka ɗora irin wannan leda biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a gicciye, babu hasken da zai ratsa su. Sai a zuba ruwan kiristal a tsakaninsu, domin shi yana iya murɗa haske ya juya shi yadda zai wuce leda ta biyu, kuma ƙarfin lantarkin da aka ba kowane ɗigo shi yake ƙayyade yawan hasken da zai wuce. Malamin fiziks zai iya nuna wa ɗalibansa wannan da tabarau irin na direbobi mai tace ƙyalli: a riƙe shi gaban allon LCD ana juya shi a hankali, za a kai wani wuri da allon zai yi duhu.

Tun da ruwan kiristal ba ya ba da haske, dole a sa masa fitila a baya. Da farko siraran fitilu masu kama da dogon ƙwan ofis ake sa wa, kuma akwai sinadarin makuri mai guba a cikinsu. Daga baya aka koma ga ƙananan fitilun LED, bayan da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka yi nasarar samar da LED mai shuɗin haske a farkon shekarun 1990, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel ta fiziks a 2014. Idan aka lulluɓe shuɗin LED da hoda mai ba da rawaya sai a sami farin haske. Saboda haka abin da ake kira talabijin na LED, LCD ne da aka sauya wa fitila. Haka nan QLED, sunan da Samsung ya fara amfani da shi a 2017, shi ma LCD ne, sai dai an ƙara masa wani shimfiɗi na ƙananan ƙwayoyi waɗanda launin da suke bayarwa ya danganta da girmansu. Binciken waɗannan ƙwayoyi ya jawo wa Moungi Bawendi da Louis Brus da Alexei Ekimov kyautar Nobel ta kemistiri a 2023. Kimiyyar gaskiya ce, launin ma ya fi tsabta, amma harafin Q a jikin akwati mai araha ba ya gyara fitila marar ƙarfi.

OLED, duk da kamancin suna, ɗan gida na farko ne. Ching Tang da Steven Van Slyke na kamfanin Kodak suka buɗe hanyarsa a 1987, Sony ya fitar da talabijin na inci 11 a 2007, LG kuma na inci 55 a 2013. Kowane ɗigo fitilar kansa ce, idan aka kashe shi kuwa baƙi ƙirin yake zama. Shi ne mafi kyan hoto a ɗaki mai duhu, kuma yana daga cikin mafi tsada. Bugu da ƙari, ɗigoginsa suna tsufa gwargwadon aikin da suka yi, ta yadda tambarin tashar da ake yini ana kallo zai iya barin tabo a kusurwa. Wanda yake lissafin kuɗin makarantar yara ba shi da hurumi a nan, sai dai ya kalla a kanti ya wuce.

Babban tarkon da ke gaban mai ƙaramin ƙarfi shi ne na hannu, wanda ake kira tokumbo ko Beljiyam. Za a nuna masa ƙaton filasma na inci 42 ko 50 a farashin da bai kai na sabon inci 32 ba, hoton kuma ya yi kyau a cikin rumfa. Ya kamata ya tuna cewa mafi ƙuruciyar filasma na waɗancan kamfanoni a 2014 aka ƙera shi, kayan gyaransa kuwa sai dai a ciro daga wani da ya mutu. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa hannu a ciki, wanda aka gudanar a tashoshin jiragen ruwa na Legas a 2015 da 2016, ya gano cewa kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ake shigowa da su Nijeriya a shekara, kuma wajen kashi ɗaya bisa huɗu ba sa aiki tun daga jirgi.

Ko da an yi dace da mai lafiya, akwai lissafin da mai kanti ba zai yi wa kowa ba. Filasma na inci 42 yakan ja wat 200 zuwa 300, alhali LED mai kusan wannan girma yakan tsaya tsakanin wat 50 da 80. A ɗauka na farko yana jan wat 250, na biyu wat 60, kuma ana kallo awa 5 a kullum. A cikin kwana 30 na farko zai cinye yunit 37.5 a mita, na biyu yunit 9. Bambancin yunit 28.5 ne. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa ta mayar da kuɗin yunit ɗaya naira 225 ga masu rukunin A. Da wannan farashi bambancin ya haura naira 6,400 a wata, wato kusan naira 77,000 a shekara. Ga mai amfani da hasken rana abin ya fi muni. Batirin bolt 12 mai amfiya 100 yana ɗaukar kimanin wat 1,200 na awa guda, kuma idan irin na darma ne rabin wannan kawai ya kamata a sha domin ya daɗe. Wannan rabi zai riƙe LED wajen awa 8 bayan an cire abin da inbata take ci, filasma kuwa da ƙyar ya kai awa 2. Araha ba ta ado, in ji Hausawa. A nan ma har bashi take bari.

Sai batun yawan ɗigogi, inda aka fi yi wa mutane kwalliya da lamba. Allon da aka rubuta wa HD yawanci yana da ɗigo 1366 a kwance da 768 a tsaye, wato miliyan ɗaya da 'yan kai. Mai cikakken HD yana da 1920 da 1080, jimla 2,073,600. Mai 4K kuwa yana da 3840 da 2160, jimla 8,294,400, ninki huɗu ke nan. A ido lambar tana da ban sha'awa, amma shi kansa idon yana da iyaka. Lafiyayyen idon ɗan'adam ba ya rarrabe abubuwa biyu idan kusurwar da ke tsakaninsu ta gaza kashi ɗaya bisa 60 na digiri. Ma'anar wannan ita ce, ɗigo yana ɓacewa ido idan nisan mai kallo ya kai ninki 3,400 na faɗin ɗigon, ko ɗan sama da haka.

Ga misali da kowane ɗalibi zai iya bi da alƙalami. Incin da ake faɗa awon allo ne daga kusurwa zuwa kusurwa, don haka faɗin talabijin na inci 43 kimanin santimita 95 ne. A raba milimita 950 gida 1920, kowane ɗigo ya tashi kusan rabin milimita. A ninka da 3,400, a sami mita 1.7. Ke nan duk wanda ya zauna nesa da mita 1.7 daga wannan akwati ba zai ga ɗigo ko ɗaya ba, kuma da za a ninka masa ɗigogin sau huɗu idonsa ba zai shaida ba. A inci 32 mai ɗigo 1366 amsar ita ce wajen mita 1.8, a inci 55 mai ɗigo 1920 kuwa wajen mita 2.2. Falo nawa ne ake jera kujeru kusa da haka? A aji kuwa, ko ɗalibin layin gaba ya fi haka nisa.

Akwai kuma tambayar abin da za a kalla. Mafi yawan tashoshin da ke zuwa ta eriya ko ta tauraron ɗan'adam hotonsu layi 576 ne, masu kyan cikinsu 1080. Talabijin na 4K shimfiɗa wannan hoto kawai yake yi a kan ɗigoginsa, kuma idan na'urar da ke yin wannan aiki a cikinsa mai rauni ce sai hoton ya fi muni. Ta intanet kuwa, kamfanin Netflix da kansa ya ƙiyasta cewa kallon 4K yakan ci har gigabait 7 a awa guda. Gaskiya ne cewa daga inci 50 zuwa sama da wuya a sami sabon akwati wanda ba 4K ba, kuma babu dalilin ƙin sa idan ya zo a haka. Abin gudu shi ne mutum ya ƙara kuɗi saboda harafin, ko ya bar akwati mai inganci na 1080 ya ɗauki 4K na kamfanin da ba a san asalinsa ba. In akwai rarar kuɗi, gara a sa ta a girma, domin fuskar inci 43 ta kusa ninka ta inci 32 sau biyu, kuma wannan kowa zai gani daga ƙofa.

Wani bambanci da ba a cika rubutawa a kwali ba, alhali ya fi 4K tasiri, shi ne tsarin ruwan kiristal ɗin. Akwai wanda ake kira VA, akwai IPS. Na farko ya fi iya rufe haske, farinsa yakan fi baƙinsa haske sau 3,000 ko fiye, amma launinsa yana kodewa idan aka kalle shi daga gefe. Na biyu, wanda Hitachi ya fito da shi a 1996, bambancin nasa wajen sau 1,000 ne, baƙinsa yana yin toka-toka da dare, amma hoton ba ya sauyawa ko daga ina aka kalla. Mutum ɗaya ko biyu masu kallo da dare daga gaba, VA ya fi musu. Gida mai yawan jama'a, inda wasu ke kan kujera wasu kan tabarma a gefe, da ajin da ɗalibai hamsin suka cika daga bango zuwa bango, IPS ne nasu. Ba sai an tambayi mai kanti ba; a taka zuwa gefen allon a sunkuya, idan fuskar mutumin da ke cikin hoton ta yi fari-fari to an san irin wanda ake kallo.

Sauran haruffan ba su bukatar dogon bayani. HDR yana bukatar fitila mai ƙarfi ƙwarai, akwatuna masu araha kuwa suna karɓar saƙon ne kawai ba tare da iya nuna shi ba. Lambobi irin su 120 ko 200 da ake rubutawa da sunan saurin motsi galibi talla ce, domin allon da kansa sau 50 ko 60 yake sauya hoto a daƙiƙa. Talabijin mai shiga intanet kuwa, kwamfutar da ke cikinsa takan tsufa tun allon yana da sauran ƙarfi. Muddin akwai kafar HDMI biyu ko uku da ta USB, ana iya sayen ƙaramar na'ura a jona, a sauya ta idan ta gaji.

Inda kuɗi ya fi cancantar zuwa shi ne kariya. An tsara wutar gida a Nijeriya a kan bolt 230, amma kowa ya san yadda take sauka har ƙwan fitila ya yi ja, da yadda take dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke. Sashen da ke karɓar wuta a cikin talabijin shi ne ya fi shan wannan wahala, haka kuma tsawa tana iya biyo wayar eriya da damina. Sitabilaiza, ko ƙaramar na'urar nan da ke yanke wuta idan ta yi yawa ko ta yi kaɗan kuma ta jinkirta kafin ta mayar, kuɗinta ɗan kaɗan ne a kan kuɗin akwatin. Wanda kuɗinsa bai isa inci 43 da na'urar kariya ba, ya sayi inci 32 da na'urar kariya. Wannan shawara ba ta da daɗin ji a gaban kanti, inda babban allo yake ƙyalli, amma masu gyara sun san yawan akwatunan da ke jibge a shagunansu saboda dare ɗaya.

A ranar saye, kada a yarda da hoton da kanti yake nunawa, domin an zaɓe shi ne musamman kuma an ƙure hasken akwatin. Mai saye ya tafi da filash ɗinsa ɗauke da hoto fari fat, da baƙi, da ja, da kore, da shuɗi. Farin zai tona inuwa da tabo, baƙin zai nuna inda fitila take yoyo ta gefe, sauran kuma za su fito da ɗigon da ya mutu. Ya auna allon da tef daga kusurwa zuwa kusurwa, inci ɗaya santimita 2.54 ne, domin akan sami kwalin da ya ƙara wa akwati inci. Ya duba takardar da ke manne a baya ya ga wat nawa yake ja, ya tabbatar lambar da ke jikinta ta yi daidai da ta kwali da ta rasit, tun da ana liƙa sunayen manyan kamfanoni a jikin kayan da ba nasu ba. Ya kuma tambayi inda ofishin gyaran kamfanin yake kafin ya karɓi takardar garanti.

Bayan an kai gida akwai sauran aiki guda. Cutar da ta fi kama talabijin na LED ita ce mutuwar fitilun baya, inda ake jin murya amma allo ya yi duhu, kuma zafi ne yake gaggauta ta. A shiga wurin saiti a fitar da akwatin daga yanayin kanti zuwa na gida, a rage hasken fitilar baya zuwa rabi ko ɗan sama da haka, a bar tazara tsakaninsa da bango domin iska, kada kuma a rufe shi da ƙyalle yana kunne. Da hunturu a riƙa share ƙurar da ke toshe ramukan iska na baya da busasshen tsumma mai laushi. Idan duk da haka fitilun suka mutu, kada a yi saurin jefar da shi: a haska tocila a jikin allon yana kunne, in an hango hoton dishi-dishi to gilashin lafiya lau yake, kuma mai gyara zai iya sauya layin fitilun a kan kuɗin da bai kai na sabo ba ko kusa.